Idan Ƙafa Ta Hana Ido Barci

    

A yau za mu tattauna ne a kan wata lalura da ke cin mata da yawa a ɓoye, ba don tana da abin kunya ba, sai don mai ita ta rasa yadda za ta kwatanta ta. Kin wuni a tsaye, daga girki sai wanki, daga wanki sai hidimar yara. An yi sallar isha'i, an rufe gida, kin miƙe a kan shimfiɗa. To, a daidai lokacin da jiki ya ce alhamdu lillahi, sai ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Sai ki ji wani abu can cikin ƙwabri, kamar kiyashi na tafiya a cikin nama, ko kamar ana jan wata igiya, ko wani zir-zir, ko ƙaiƙayi a inda farce ba ya kaiwa. Ba za ki ce zafi ba ne, ba kuma za ki ce daɗi ba. Abin da kika sani kawai shi ne dole ki motsa ƙafar. Kin miƙe ta, kin naɗe ta, kin juya dama, kin juya hagu, ƙarshenta dai sai kin tashi kin taka. Kina takawa sai abin ya lafa. Kina komawa kwance sai ya dawo.

Idan kin san wannan, 'yar uwa, to ki saurara da kyau. Ciwo ne sananne a wurin likitoci, yana da suna, yana da dalili, kuma yana da magani. Sunan da suka ba shi yana nufin ƙafafu marasa natsuwa, don haka mu ma za mu kira shi ciwon rashin natsuwar ƙafafu.

Ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1672 wani likita a Ingila mai suna Thomas Willis ya rubuta bayanin mutanen da ƙafafunsu ke hana su barci da zarar sun kwanta. A 1945 wani likitan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi cikakken nazari a kansa, ya kuma raɗa masa sunan da ake kiransa da shi. Shi ya sa wasu ke ce masa ciwon Willis da Ekbom. A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka fi ƙididdige shi, ana samunsa a jikin mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na manya. Kuma mata sun ninka maza wajen kamuwa da shi. Don haka idan an taɓa ce miki raki ne, ko son jiki, ko rashin natsuwa irin ta yara, ki kwantar da hankalinki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ta yaya za ki gane shi? Babu na'urar da ake ɗora wa ƙafa ta nuna shi. Da bayanin bakinki likita zai gane, saboda haka ki riƙe alamomi huɗu.

Ta farko, kina jin wata matsa ta sai kin motsa ƙafa, yawanci tare da wancan abin da muka kwatanta. Galibi ƙafafu biyun ne, tsakanin gwiwa da idon sawu, ko da yake yakan hau cinya, wani lokaci har hannu.

Ta biyu, yana tasowa ne idan kina hutawa, a zaune ko a kwance. Kina cikin aiki ba ya zuwa.

Ta uku, motsi yana kawo sauƙi. Muddin kina tafiya, ko miƙa, ko murza wurin, kin samu lafiya, ko da ta ɗan lokaci ce.

Ta huɗu, ya fi tsanani da yamma da dare. Da safe yawanci ƙafa lafiya lau, kamar ba ita ba.

Idan huɗun nan suka haɗu, to an kusa kama bakin zaren. Akwai kuma ƙarin shaida da wadda kuke kwana ɗaki ɗaya ko maigida zai iya ba ki. Kusan 8 cikin 10 na masu wannan lalura suna shure-shure a cikin barci ba su sani ba, ƙafa na fizga bayan kowace daƙiƙa 20 zuwa 40. Ke dai kin wayi gari a gajiye kamar wadda ta kwana daka.

Amma a kula, ba duk damuwar ƙafa ce wannan ba. Akwai ɗaurewar nama da dare, wadda sha-raɓa ke ƙullewa tamau kamar dutse, da zafi mai sa ihu, bayan 'yan mintoci ta saki. Wannan daban. Akwai sagewar ƙafa idan kin daɗe zaune a kanta, wadda da kin gyara zama shi ke nan. Akwai ciwon gaɓɓai, wanda ke zama a gwiwa ko idon sawu, shi kuwa tafiya ƙara shi take yi. Akwai kuma raɗaɗin tafin ƙafa na masu ciwon suga, wanda ba ruwansa da kina tafe ko kina kwance.

Sannan ga abubuwa biyu da ba a jira da su, musamman ga mai juna biyu da mai jego. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo in an taɓa, yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Idan kuma mai ciki ta ga kumburin fuska da hannu, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani dishi-dishi, to alamar hawan jinin masu ciki ce, wanda ke kai wa ga jijjiga. Waɗannan biyun asibiti ake tafiya a ranar, ko da tsakar dare ne.

Yanzu mu zo kan dalili. Abin mamaki, tushen ciwon ba a ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Kada wannan ya tsorata ki, ba taɓin hankali ake nufi ba. Ƙwaƙwalwa tana amfani da wani sinadari mai suna dofamin wajen daidaita motsin jiki. Shi kuma wannan sinadari ba ya samuwa yadda ya kamata sai da sinadarin ƙarfe, wanda ma'aikatan asibiti ke ce wa ayon, wato abin da jiki ke haɗa jini da shi. Idan ƙarfen ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwa, sai saƙon da ke tsakaninta da ƙafa ya rikice. Kuma da yake ƙarfen da ke yawo a jini da aikin dofamin duk suna sauka da dare, shi ya sa abin ke jiran ki kwanta. Tun a 1953 wani likitan Suwidin, Nils Nordlander, ya nuna cewa idan aka ƙara wa masu wannan ciwo sinadarin ƙarfe, da yawansu suna samun sauƙi.

Nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Wa ya kai mace zubar da jini? Ga al'ada duk wata, ga ciki, ga haihuwa, ga ɓari. Wadda ke haihuwa kusa-kusa, jikinta bai gama mayar da abin da ya fita ba wani cikin ya shiga. Ga tsutsar ciki mai shan jini a hanji. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mata 58 cikin 100, masu shekara 15 zuwa 49, suna da ƙarancin jini. Ba dukansu ne saboda ƙarancin ƙarfe ba, domin zazzabin cizon sauro da sikila ma suna da nasu kason, amma ƙarancin ƙarfe yana cikin manyan dalilai.

Jiki yakan ba da wasu alamun na wannan ƙaranci: kasala, jiri, haki in kin ɗan yi aiki, bugun zuciya, cikin fatar ido ya yi fari, gashi na karyewa. Ga kuma wata da mata ke ɗauka kwaɗayi ne kawai, wato sha'awar cin farar ƙasa, ko ƙasar bango, ko taunar ƙanƙara. Idan kina da wannan kwaɗayin kuma ƙafa na hana ki barci, to ki faɗa wa likita su duka biyun. Ita farar ƙasa ma ƙara hana hanji tsotsar ƙarfe take yi.

Ciki shi kansa babban dalili ne. Kusan mace ɗaya cikin biyar takan gamu da wannan lalura lokacin goyon ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe. Albishir a nan shi ne, ga mafi yawansu abin yakan tafi cikin 'yan kwanaki ko makonni bayan an sauka lafiya. Sai dai yakan dawo a wani cikin, kuma yawan haihuwa yana ƙara yiwuwar samunsa daga baya.

Akwai gado. Kusan rabin masu ciwon za su ce miki mahaifiyarsu ko wani na jininsu ma haka yake. Yara ma suna yi, sai a ce ƙiriniya ce ko ciwon girma. Ciwon ƙoda mai tsanani yana kawo shi, musamman ga waɗanda ake wa wankin ƙoda.

Sai kuma magunguna, kuma ina so uwargida ta buɗe kunne a nan. Wasu ƙwayoyin da muke aika yaro kemis ya sayo suna tayar da wannan ciwo. Na farko su ne magungunan mura da ƙaiƙayi masu sa barci, irin su Piriton da Phenergan. Sai maganin tashin zuciya da amai irin su Maxolon. Sai wasu magungunan ciwon damuwa da na taɓin hankali. Dubi yadda abin ke zama: mace ta kasa barci saboda ƙafa, sai maƙwabciya ta ce ta sha Piriton zai sa ta barci, sai ta sha, ƙafar ta ƙara haukacewa. An gudu ba a tsira ba. Amma idan likita ne ya ɗora ki a kan magani, kada ki yanke shi da kanki. Ki koma ki gaya masa, akwai wanda zai canza miki.

To, me za ki iya yi a cikin gidanki, ba tare da kin taka ƙofar zaure ba?

Mu fara da tukunya. Ƙarfen da jiki ya fi saurin karɓa shi ne na nama, da kifi, da kaza, da hanta. Mai ciki dai ta yi hankali da hanta, kada ta yawaita, domin tana da wani sinadarin da yawansa ke iya cutar da ɗan tayi. Idan nama ya yi wuya, kada ki raina abin da ke rumbu: wake, waken suya, gero, daddawa, zogale, alayyahu, rama, kuka. Sirrin shi ne ki haɗa su da abu mai bitamin C, domin shi ke taimaka wa hanji ya tsotsi ƙarfen ganye da hatsi. Ki matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, ki yanka ɗanyen tumatir a kan wake da shinkafa, ki sha lemon zaƙi ko ki ci gwaiba bayan abinci.

Shayi kuwa akasin haka yake yi. Idan kika kora abinci da shayi, yana riƙe ƙarfen ya hana shi shiga jiki. Ki ba da tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsu. Bayan haka, shayi da kofi da goro da lemon kwalba mai baƙin ruwa duk suna da sinadarin da ke hana barci, kuma mata da yawa suna ganin ƙafarsu ta fi damunsu in sun sha. Iya, na san rabuwa da goro sai a hankali. Ki gwada barinsa daga azahar zuwa dare har mako biyu, ki ga abin da ƙafa za ta ce. Da azumi ma a kula da shayin bayan buɗe-baki.

Sai motsa jiki. Zaman gida bai hana wannan ba. Ki riƙa zagaya tsakar gida na minti 20 zuwa 30 da la'asar sakaliya, ke da abokiyar zama ko 'ya'yanki mata, kuna tafe kuna hira. Amma kada a yi aikin ƙarfi dab da kwanciya, domin gajiya mai yawa ita ma tana tayar da shi. Kafin ki kwanta, ki dafa bango da hannu biyu, ki mayar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, ki karkata gaba har ki ji sha-raɓa ta miƙe. Ki ƙirga 30, ki sauya ƙafa.

Ruwan ɗumi yana taimaka wa wasu, wasu kuma sun fi jin daɗin ruwan randa. Ki gwada ki ga naki. Ki tsoma ƙafa a roba na minti 10, ki goge, ki murza da man kaɗanya ko man zaitun daga idon sawu zuwa gwiwa. Mai ciwon suga ta fara taɓa ruwan da gwiwar hannu, domin ƙafarta na iya ƙonewa ba ta ji ba.

Ki tsayar da lokacin kwanciya da na tashi, domin rashin barci yana ƙara ciwon, ciwon kuma yana ƙara rashin barci. Idan ya taso da dare, kada ki kwanta kina kokawa da shi. Tashi ki taka kaɗan a cikin ɗaki, ki murza, in ya lafa ki koma. Idan kuma zama ya kama ki dole, kamar wurin kitso, ko gidan biki, ko doguwar tafiya a mota ko jirgi, to ki ba ƙwaƙwalwa aiki. An lura cewa abin da ke ɗauke hankali sosai yana kwantar da shi: ɗinkin hula, saƙa, tsintar wake, tilawa, ko hira mai daɗi. A mota ki nemi bakin ƙofa, duk inda aka tsaya ki sauka ki taka.

Wata magana kuma, cikin girmamawa. Da yake abin da dare yake zuwa, kuma ba a ganin komai a fata, wasu sukan ce iska ce, ko sammu, ko mataccen jini. Addu'a dai ba a barinta a kowane hali, kuma neman magani ba ya hana ta. Amma a yi hattara da ƙaho da tsaga a ƙafa. Wadda ciwonta ƙarancin ƙarfe ne, in aka sake zuƙe mata jini, an ƙara mata ciwo ne a kan ciwo.

Yaushe za a je asibiti? Idan abin yana zuwa sau biyu ko fiye a mako, ko yana hana ki barci har kina gyangyaɗi a bakin murhu, ko kin ga ranki yana yawan ɓaci, kina faɗa da yara ba dalili, ko kina da ciki, to lokaci ya yi. Ki samu maigida a lokacin da hankalinsa ke kwance, ki yi masa bayani dalla-dalla: kwana nawa kika yi ba barci, da yadda abin ke taɓa aikin gida, da cewa gwajin jini ake bukata. Ku kuma iyayen gida maza, na san wasunku na kusa da rediyo, don Allah a ba su dama, a kuma raka su. Macen da ba ta yi barci ba, ga wuta ga wuƙa ga jariri a hannu, hatsari ne ga gida duka.

In kin shiga wurin likita, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kada ki tsaya a kan "ƙafata ke ciwo", domin sai a ba ki maganin ciwon jiki ki dawo gida da abinki. Ki ce: "Likita, idan na kwanta da dare sai in ji dole in motsa ƙafafuna, in na tashi na taka sai ya lafa, da safe kuma ba na jin komai." Ki faɗi yadda al'adarki take, da yawan haihuwarki. Ki tafi da duk magungunan da kike sha a leda, har da na gargajiya.

Sannan ki roƙi a duba miki ajiyar ƙarfen jiki. Gwajin da aka saba yi a wurin awo yana nuna yawan jini ne kawai. Akwai wani daban mai suna feritin, shi ke nuna abin da ke cikin rumbu. Mace na iya samun jininta ya cika, amma rumbun ya kusa ƙarewa. Ga mai wannan ciwo, likitoci sukan ba da maganin ƙarfe idan feritin bai wuce 75 ba, ko da takardar gwaji ta nuna lafiya lau ga sauran mutane. Idan ƙaramin asibiti ba ya yi, ana samu a manya, irin asibitocin koyarwa na Kano, Zariya, Sakkwato da Maiduguri.

Idan an rubuta miki ƙwayar ƙarin jini, ki sha da ruwa ko ruwan lemo, ba da shayi ko madara ko fura da nono ba. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai. In ya taurare, ki ƙara ruwa da ganye. Kuma sai da haƙuri, domin yakan ɗauki kamar wata uku kafin a ga cikakken amfani. Wadda ƙwayar ba ta karɓe ta ba, akwai wanda ake sawa ta jijiya a asibiti. Mai ciki kuwa ta riƙe ƙwayoyin da ake ba ta a wurin awo da muhimmanci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta sha miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum, tare da folik asid.

Gargaɗi biyu a nan. Kada ki ɗora wa kanki maganin ƙarfe ba gwaji, musamman in kina da sikila ko an sha yi miki ƙarin jini, domin yawansa yana lahanta hanta da zuciya. Kuma ki ɓoye ƙwayoyin inda hannun yaro ba ya kaiwa. Jajaye ne kamar alewa, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi.

Idan an gyara ƙarfe, an bi duk matakan nan, ciwon bai saki ba, akwai magungunan da likita ke rubutawa. A da, an fi fara wa da masu ƙara ƙarfin dofamin. Daga baya aka gano cewa in an daɗe ana shan su, sukan sa ciwon ya riƙa zuwa tun da rana, ya ƙara tsanani, har ya hau hannu. Saboda haka a 2024 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta sauya shawara, ta sa magunguna irin su gabafentin da firegabalin a gaba. Waɗannan ba na saye a kemis ba ne. Suna sa jiri da barci, jiki yana iya sabawa da su, kuma mai ciki ko mai shayarwa ba ta taɓa su sai da izinin likita. Haka nan kada wata ta ba ki taramol ko maganin tari mai kodin da sunan taimako. Mun ga gidajen da wannan ya rusa.

'Yar uwa, wannan ciwo ba ya shanye ƙafa, ba ya kuma kai mutum kushewa. Amma yana cin barci, barci kuwa shi ne jarin uwargida. Ga wasu yakan tafi gaba ɗaya in an cike ƙarfen jiki ko an haihu. Ga wasu yakan je ya dawo tsawon rayuwa, sai dai a koyi zama da shi, kuma ana iyawa. Idan kin san wata a gidanku ko maƙwabta da ke yawo a ɗaki da tsakar dare, kishiya ce, suruka ce, ko 'yarki, ki isar mata da abin da kika ji, ki ce ta nemi a duba mata jini.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sauki masu juna biyu lafiya, Ya raya mana zuri'a.